Norma Oryx a bindigar .308: harsashin da na tsaya a kansa wajen farautar mus

Harsashin da nake farautar mus da shi, wato wata ƙatuwar dabbar dajin ƙasashen sanyi, sunansa Norma Oryx, na bindigar .308 Winchester, mai ƙwaya giram 11.7. Guda 20 ne a kwali. Yana da tsada, akwai dalma a cikinsa, kuma bai dace da harbin nesa sosai ba. Duk da haka in kaka ta kama shi nake zuba wa bindigata, in kuma sabon shiga ya tambaye ni, shi nake nuna mashi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, tun da na zo gida hutu duk majalisar da na zauna, daga ta Ƙofar Ƙaura har ta bayan Gobarau, sai wani ya zaro waya ya nuna mani hoton da na taɓa sakawa a WhatsApp, ga dabbar a kwance ga ni tsaye, ya ce, "Wai don Allah wace irin bindiga ce ke kada wannan abu?"

Na san maganar bindiga a Katsina yanzu tana da nauyi. Mai dangi a Batsari ko Safana ko Jibiya, in ya ji an ce harsashi, nama ba ya cikin abin da zai faɗo mashi a rai. Don haka in faɗa tun da wuri, farautar da nake nufi ta lasisi ce, a arewacin Suwidin, yankin Västerbotten, inda nake aikin gandun daji. Babu mus a dajin Rugu, babu kuma shagon da zai sayar maka da wannan kwali a Katsina. Na rubuta ne don maharbanmu masu son jin yadda sana'ar take a wata ƙasa, da 'yan uwa da ke Turai ko Kanada waɗanda abokan aiki suka fara jan su zuwa daji.

Wanda bai taɓa ganin mus ba, ya kawo raƙumin kasuwar Mai'aduwa a ransa, ya rage mashi wuya, ya baƙanta gashin, ya ɗora wa namijin ƙaho mai faɗi mai rassa. Tsayin kafaɗar babban namiji yakan kusa mita biyu, nauyinsa a Suwidin kilo 400 zuwa 500, na Alaska kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Gwanki, wanda tsofaffin maharbanmu ke ba da labarinsa da girmamawa, da wuya ya kai kilo 300. Har tozo mus ke da shi, kuma tozon nan ne ke yaudarar baƙo. A ƙarƙashinsa dogayen ƙasusuwa ne da suka taso daga ƙashin baya. In harsashi ya bugi ɗaya daga cikinsu dabbar takan zube nan take, maharbi ya fara murna, can sai ta miƙe ta shige kurmi da raunin da ba zai kashe ta da wuri ba. Wurin harbi yana ƙasa da inda ido ke so: ka bi layin ƙafar gaba, ka hau kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki, can huhu da zuciya suke.

Duk girman nan, mus ba ta da taurin rai irin na ɓauna. Huhunta babba ne, faɗinsa ya kai santimita 40, kuma in harsashi ya ratsa duka biyun takan yi 'yar tafiya, mita 50 ko 100, ta tsaya, ta kwanta. Sau da yawa ko alamar an same ta ba ta nunawa. Aikin harsashi ke nan guda ɗaya: ya huda jiƙaƙƙen gashi da fata mai kauri, in ya ci karo da ƙashin kafaɗa ya fasa shi, ya buɗe, ya isa huhu bai tarwatse a hanya ba.

Hukuma a can ba ta bar wa kowa zaɓi sakaka ba. Tun 1985 wanda zai nemi lasisin bindigar farauta sai ya ci jarrabawar maharba, ta rubutu da ta harbi. A ta harbin akwai allo mai siffar mus da ke gudu a kan dogo, kana tsaye a nisan mita 80. 'Yan sanda ke ba da lasisin, kowace bindiga da takardarta. An kuma kasa bindigogi aji-aji, mus tana aji na ɗaya. Ƙa'idar da na tarar ita ce ƙwayar harsashi ta kai giram 9 da ƙarfin bugu jul 2,700 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugu) a nisan mita 100, ko ta kai giram 10 da jul 2,000, kuma dole ta zama mai buɗewa in ta shiga nama. Sannan dole a iya kawo karen bin sawu cikin awa biyu in dabba ta tsere da rauni. Oryx ɗin da nake magana yana fita bakin bindiga da gudun kusan mita 800 a daƙiƙa, a mita 100 kuma yana ɗauke da jul wajen 3,000. Ya wuce ƙa'ida da rata mai yawa.

Tambayar majalisa kullum ita ce wace bindiga ta fi ƙarfi, kuma amsata ba ta yi wa mutane daɗi. A ƙungiyarmu ta farauta akwai wani dattijo, ya haura saba'in, mai tsohuwar bindiga 6.5x55. Wannan lamba, wato awon girman harsashin, tun 1894 take, sojojin Suwidin da Norwe suka haɗu suka tsara ta, kuma siririya ce, in ka ajiye ta kusa da manyan harsasan Amurka sai ka raina ta. Amma ƙwayarta doguwa ce, giram 10.1, tana shiga nama ta yi ta tafiya, ga shi ba ta shuri. Dattijon nan ban taɓa jin ya yi harbi biyu a kan dabba ɗaya ba. Bayanta akwai .30-06 ta Amurka, ta 1906, da ƙanwarta .308 da ta fito 1952, gajeren kwanso amma aikinsu kusan ɗaya. Sai 9.3x62, wadda wani maƙerin bindiga na Balin, Otto Bock, ya tsara a 1905 don Jamusawan da ke zaune a Afirka suna fama da manyan namun dawa. Masu bin kare cikin kurmi suna son ta, domin su harbinsu kusa ne, ta kowace fuska dabbar ta juyo, kuma wani lokaci beyar ce ke gaban karen. Duk huɗun nan suna kada mus. Na ga naman da kowace ta kawo rataye a rumfar fiɗa, ba mai iya nuna maka wanda 6.5 ta kashe da wanda 9.3 ta kashe sai ya duba ramin.

Waɗanda ba na ba sabon shiga shawarar saya su ne manyan magnum, wato masu harsashi mai yawan albarushi da ƙarfin shuri. Wani matashi ya zo mana da .300 sabuwa dal, mai ƙarar da ke sa na kusa toshe kunne. A filin atisaye sai ka ga ya runtse ido kafin ya ja kunama, kafaɗa ta riga ta san abin da ke zuwa. Wanda ke tsoron bindigarsa ba ya yawan harba ta, wanda ba ya yawan harbi kuma ranar da mus ta ɓullo hannunsa rawa yake. Ni na zaɓi .308 saboda dalilai marasa armashi: harsashinta na atisaye yana ko'ina kuma da sauƙi, shurinta daidai kafaɗata, bindigar Tikka T3 da na saya hannu na biyu kuma a wannan lamba ta zo.

To ga ƙwayar kanta, inda kuɗin yake. In ka zaro ɗaya daga kwali ba za ta burge ka ba. Ba ta da jan baki ko koren baki na roba irin na zamani, kanta a ɗan daƙushe yake, dalma ta leƙo kaɗan a tsini. Asirin yana ciki. Harsashin farauta na gargajiya dalma ce aka zura cikin riga ta jan ƙarfe, aka matse. In ya bugi ƙashi da gudu, rigar takan yage ta tsaya, dalmar ta fice ta wargaje, sai ka samu babban rauni a waje, ciki kuwa ba abin kirki. Wannan matsala tsohuwa ce. A 1946 wani Ba'amurke, John Nosler, ya harbi mus da ta yi birgima cikin taɓo a British Columbia ta Kanada, harsashinsa na .300 H&H ya kasa shiga yadda ya kamata. Haushin abin ya sa ya koma gida ya ƙera ƙwaya mai katanga a tsakiya, gaba ya buɗe baya ya riƙe, ya sa mata suna Partition, ya fara sayarwa a 1948, har yau ana harbi da ita. Kamfanin Norma, wanda ke garin Åmotfors kusa da iyakar Norwe tun farkon ƙarni na 20, ya bi wata hanya a Oryx: an like dalmar da rigar sun zama abu ɗaya. Rigar siririya ce a baki don ta buɗe da wuri, tana ƙara kauri zuwa gindi don buɗewar ta tsaya a inda ya kamata.

Ina da ƙwaya guda a cikin wani ɗan gwangwani a ɗakina can, wadda muka ciro daga wani namiji. Ta shiga ta kafaɗar dama, ta fasa ƙashi, ta ratsa huhu, ta tsaya ƙarƙashin fatar ɗaya gefen, har kana jin ta da yatsa kafin a tsaga. Bakinta ya naɗe baya ya yi lema, faɗin ya kusa ninka na asali, dalmar tana manne da rigar ko'ina, har da ɗan guntun ƙashi a maƙale. Na wanke ta na ɗora a sikeli, ta haura giram 10 da rabi, daga 11.7. Na sa ta kusa da wata da wani abokin farauta ya ciro a makon, daga wani harsashi mai araha da ba zan kira sunansa ba. Tasa riga ce kawai, fanko, dalmar ta watse cikin kafaɗa. Dabbar ta mutu, amma sai da kare ya bi ta har bayan la'asar, kuma kusan rabin kafaɗar aka zubar.

Ni wannan magana ta fi shafata fiye da sauran 'yan ƙungiya, saboda dalilin da duk Bakatsine zai gane. Abin da na karanta wurin malamanmu na Malikiyya shi ne, naman dajin da aka harba da harsashi ya halatta in maharbin Musulmi ne kuma ya ambaci sunan Allah wajen harbi, in kuma ka tarar da sauran rai sai ka yanka. A can ƙungiya ke farauta, a raba nama daidai, ko wa ya harba. Na yi masu bayani tun shigata, suka amince kasona ya fito daga abin da na harba da hannuna ko na riska na yanka. Ka ga ke nan shekarar da harbina bai yi kyau ba, firiza ta kwana babu komai. Ina buƙatar harsashin da zai zubar da jini sosai, dabbar ta faɗi inda zan iya isa gare ta da wuƙa cikin 'yan mintuna.

Ga yadda abin yake in ya yi daidai. A arewa ana buɗe farauta farkon Satumba, a kudu sai Oktoba. Tun duhun asuba shugaban ƙungiya ya raba wa kowa wurin kwanto, ya nuna maka inda aka yarda ka harba da inda ɗan uwanka yake zaune. Ni ranar na samu wata hasumiyar katako a bakin fadama, sanyi na cin yatsu, shayi a fulas. Mai kare ya saki karensa, irin jämthund, toka-toka, ga na'urar bin sawu a wuya. Wajen hantsi oba-oba ta yi ƙara a kunnena, ya ce kare ya tsayar da namiji, can kuma ya ce ya ɓalle, ya nufo gabas. Haushin ya yi ta matsowa. Abin da na fara ji shi ne karyewar itace, sannan na ga ƙafafun, farare-farare, dogaye, kafin jikin ya fito daga cikin bishiyoyin. Ya tsaya ya waiga wajen karen, nisan bai fi mita 60 ba, ya ɗan karkato gabansa gare ni. Wannan tsayuwa ita ce mai gwada harsashi, domin kafin a kai huhu sai an bi ta kafaɗa. Na yi bisimilla na ja. Bai ko girgiza ba, ya juya ya yi sassarfa, na sake ɗana bindiga ina bin sa a madubin saiti, kafin in samu saiti na biyu ƙafafun gaba suka lanƙwashe. Na sanar a oba-oba, na sauko, na riske shi da sauran motsi na yanka. Ƙwayar da ke cikin gwangwanin nan tasa ce. Naman da aka rataye ya haura kilo 200, wani sashe na yi dambu da shi, na kuma gwada kilishi a tanda tun da ranar can ba ta busar da komai. Dambun ya yi, domin naman ba kitse.

Sai abin da ba na so. Na farko kuɗi. Kuɗin harsashi ɗaya na Oryx ya sayi biyu ko fiye na atisaye, don haka ba wanda ke ɓarin sa a kan allo. Ina atisaye da Jaktmatch na kamfanin, mai rufaffen baki, wanda doka ba ta yarda a harbi mus da shi ba, sannan kafin buɗe farauta in harba Oryx uku ko huɗu in tabbatar da saiti, domin ba lalle su faɗa wuri ɗaya ba. Na biyu, daƙusasshen bakin nan da ke taimakonsa cikin nama yana cutarsa cikin iska. In ka daidaita madubi a mita 100, a mita 200 ya sauka kamar santimita 15, a 300 ya haura rabin mita, iska kuma tana tura shi. A kurmin Västerbotten wannan ba ya damuna, yawancin harbinmu bai kai mita 100 ba. Wanda zai yi farauta a buɗaɗɗen fili a Kanada ko Alaska, inda za ka hango dabba a tsallaken tafki, ya nemi mai tsinin baki, ko a Norma ɗin akwai Bondstrike.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mani a rai, dalma. Ko da an like ta, giram ɗin nan guda da ya ɓace a sikeli yana cikin nama, gutsi-gutsi, wasu ido ba ya gani. Hukumar abinci ta Suwidin tana ba da shawarar a yanke duk hanyar da harsashi ya bi, a ƙara aƙalla santimita 10 kewaye, a zubar, musamman in yara ko masu juna biyu za su ci. Ina da yara, don haka ina yanka fiye da haka, kuma duk lokacin da na jefa wannan tsoka a bokiti sai na ji ta a raina. Kayan cikin da ake bari a daji kuma gaggafa ke sauka a kai, an kuma tabbatar dalmar tana kashe su. Denmak ta riga ta hana harsashin dalma a bindigar farauta tun 2024, Tarayyar Turai ma tana kan maganar. Akwai na jan ƙarfe zalla, Naturalis na kamfanin Lapua na Finlan, Ecostrike na Norma, TSX na Barnes. Waɗanda ke harbi da su a ƙungiyarmu ba su da ƙorafi kan shiga, galibi ma ƙwayar ficewa take ta ɗaya gefen, naman kuma tsaf. Abin da suke cewa shi ne yana son gudu kafin ya buɗe sosai, kuma wata bindigar ba ta jituwa da shi sai an gwada iri-iri.

Maganar ɗurin hannu kuwa, a zauren kawuna na Ƙofar Guga ta fi daɗi. Tsohon maharbi ne, cikin mutanen Sarkin Baka ya tashi, bindigarsa ta toka tana nan jingine ko da yake gwiwa ta hana shi daji, dajin ma ya hana kowa. Ina ba shi labarin cewa a can mai lasisi yana iya haɗa harsashin bindigarsa da kansa a gida, ya tara kwanson da ya harba, ya gyara shi, ya sa sabuwar hular wuta a gindi, ya auna albarushi, ya dasa ƙwaya da injin matsi. Sai ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Ashe ku ma ɗuri kuke yi, ɗan nan? To me Bature ya fi mu da shi?"

Na ce, "Sikeli, Kawu."

Ya ce shi tafin hannunsa ne sikeli, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Gaskiyarsa, a bindigarsa. Baƙin albarushi na gargajiya yana da haƙuri, in ka ɗan zarce sai ƙara da hayaƙi da shuri. Na zamani marar hayaƙi ba ya yafiya. Matsin da ke tashi cikin .308 lokacin harbi ya kai ninki 4,000 na iskar da muke shaƙa, kuma tsakanin ɗuri mai kyau da wanda zai kumbura kwanso ko ya fasa bindiga ɗan ƙanƙanin abu ne da tafin hannu ba zai gane ba. Iri-iri ne kuma, wani mai saurin ci wani mai jinkiri, a ido duk kamarsu ɗaya. Da na ce mashi mafi haɗari shi ne mutum ya fasa harsashin zamani ya juye albarushinsa cikin bindigar toka, sai dariyar ta tsaya. Ya ɗaga hannun hagu ya lanƙwashe yatsu uku, ya kira sunan wani abokinsa na wajen Rimi, ya ce, "Haka ya ƙare rayuwarsa, Allah ya jiƙan shi." Saboda haka ba wanda zai ji awo daga bakina, a nan ko a waya. Masu yi a can littafin kamfanin albarushin suke buɗewa, Norma ko Vihtavuori, su fara daga ƙasa, kuma a gaban wanda ya daɗe yana yi suke koya.

Na koya a ɗakin ƙasa na dattijon nan mai 6.5, na kuma ɗura ƙwayar Oryx ɗin kanta, domin ana sayar da ita zalla ba kwanso. Aiki ne mai daɗi a daren hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe uku. Ga abin da na samu. Ɗurin kamfani a bindigata yana tara harbi cikin da'irar santimita 3 a mita 100. Da na yi ta gwaji na matse shi zuwa 2. Na ji daɗi, na ɗauki hoton allon. Amma abin da ake nema faɗinsa santimita 40 ne, kuma mai harbin yana tsaye, yana haki, yatsunsa sun ƙage. Santimita ɗayan nan ba ta taɓa kawo nama gida ba. Ga kuɗin injin matsi da sikeli da ma'auni da sauran tarkace, wanda mai harba kwali biyu a shekara ba zai mayar ba sai ya tsufa. Ga kuma kasada irin ta ɗan Adam: hular wuta da ba ta zauna daidai ba, kwanson da ya gaji, ɗurin da aka gwada da zafin Yuli a zo a harba shi cikin ƙanƙarar Nuwamba. Na taɓa ganin ɗurin hannun wani ya ƙi shiga bindiga ana tsakiyar farauta, don bai gwada kowane ɗaya a gida ba.

Inda ɗurin hannu ke biyan kansa wuri biyu ne a ganina. Mai yawan atisaye, wanda ke harba ɗaruruwa a kan allon gudu kafin kaka, zai rage kuɗi sosai. Sai mai bindigar da harsashinta ke wuyar samu ko tsada, irin 9.3x62 ko wata tsohuwar lamba da ya gada. Ni yanzu na raba: kwanson da na tara ina ɗura shi don atisaye, ranar farauta kuma na kamfani nake ɗauka.

Wannan duk a can ne. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera harsashi a gida, kuma ko lasisin bindiga ba abu ne da ake samu a sauƙaƙe ba. Wani ƙanena ya roƙe ni in zo mashi da kwanso fanko guda ɗaya ya rataya a makullin mota, na ce a'a. Kafin in taso sai da na zazzage kowace aljihun rigar daji da jakar da zan shigo da ita, domin kwanso ɗaya da ya maƙale a lungun jaka ya isa ya kwanar da mutum a filin jirgin Kano yana bayanin da ba mai saurare.

Ga ɗan uwan da ke can yana shirin farautarsa ta farko, in bindigarka 6.5x55 ce, Oryx mai giram 10.1 ya ishe ka. In .308 ce ko .30-06, ɗauki mai 11.7. In 9.3x62 ce akwai mai giram 15 da mai 18.5, na biyun ya fi shuri amma masu bin kare shi suka fi ɗauka. Sayi kwali biyu masu lambar ɗuri ɗaya, tana buge a jikin kwalin, ka daidaita madubi da ɗaya ka ajiye ɗaya don daji. Mega na Lapua da Super Hammerhead na Sako su ma na ga aikinsu a rumfar fiɗa, in su bindigarka ta fi so kada ka tsaya jayayya da ita. Ƙungiyarmu za ta zauna kafin Satumba a kan maganar dalma, kuma na ji masu son a koma jan ƙarfe sun fara yawa. In aka yanke haka zan sayi Naturalis da Ecostrike kwali ɗai-ɗai in ga wanda Tikka za ta karɓa. In ba a yanke ba, Oryx zan sake saya, in ci gaba da yanke santimita 15 maimakon 10.